Fitilar Mota Da Yadda A Ke Kula Da Ita

In kaka ta yi a ƙasar Ungogo, aikin gona ya kan koma kan hanya. An girbe gero, an cire gyaɗa, an roro wake, saura kai kaya kasuwa. Yawancin wannan tafiya kuwa ba da rana a ke yinta ba. Mai hatsi yana so gari ya waye masa a Dawanau, kafin manyan dillalai su gama saye. Mai lambu a bakin Jakara ya kan cire latas da alayyafo da yamma, ya ɗaure, yana so ya isa 'Yankaba kafin rana ta fito su yi yaushi. Saboda haka fitilar mota ta shiga cikin kayan aikin manomi, kamar fartanya da garma, ko da ya ke ba a gona a ke kunna ta ba. Wanda ba shi da mota ma abin ya shafe shi, don kayansa ne a ciki, sau da yawa shi kansa yana zaune a kan buhunan.

Ƙasar Ungogo ba daji ba ce. Gona na jikin gona, gida na kallon gida, daga Fanisau har Rangaza da Gayawa. Tun a 1965 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Mortimore da Wilson, suka rubuta rahoto a kan gundumar, saboda yawan jama'arta da yadda a ke noma ƙasa kowace shekara ba hutu. A zamanin nan jakuna ne ke kai itace birni, su komo da taki. Yau a-kori-kura da babur da Adaidaita Sahu sun karɓi yawancin aikin, amma jaki bai bar hanya ba, amalanke ma haka, kuma babu ɗayansu mai fitila. Ga awaki, ga masu tafiya masallaci da asuba, ga yaran da aka aika. Direban da ya bi irin wannan hanya da dare, ransu duka yana hannun ƙwai biyu da ke gaban motarsa.

Ga ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da direba ya hangi abu har motar ta tsaya cik, a kan kwalta mai kyau da birki mai kyau, ta kan ci mita hamsin da 'yan kai. Ƙaramin haske, wanda direbobi ke kira dim, iyakacin inda ya ke nuna hanya sosai bai wuce mita hamsin ko sittin ba, in fitilar lafiyayya ce. Watau ko da sabuwar fitila, da kyar a ke sha. To, ina ga wadda ta dushe, ta rage rabin haskenta, ga kuma buhu ashirin a baya suna tura motar? Mai irin wannan mota sai bayan ya taka abu ya ke ganinsa.

Abu uku ne a cikin fitila. Akwai ƙwai, shi ke ba da wuta. Akwai kwano mai walƙiya a bayansa, shi ke tattara hasken ya jefa shi gaba. Akwai gilashi a gaba, mai tsare ƙura da ruwa. Motocin farko da fitilar gas su ke tafiya, sai an ƙyasta ashana. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai fitilar lantarki da ke ci daga batir, a 1924 aka yi ƙwai mai zare biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful. Tsofaffin Peugeot 404 irin wannan su ke sawa, mai wat 45 da 40. A 1962 aka fito da ƙwan halojin a Turai, shi ne har yanzu ya fi yawa a motocin da ke ɗaukar amfanin gona. Daga baya aka yi zenon mai farin haske a 1991, sa'an nan LED.

Mafi yawan fitilun da a ke cewa sun mutu, datti ne ya kashe su. Da hunturu ƙura ta kan kwanta a kan gilashi, raɓa ta jiƙa ta, rana ta gasa ta, ta zama kamar yaɓe. Da damina kuwa taɓo ne da ƙwari. Aikin yaron mota ne ya wanke gilashin kowace yamma kafin a ɗora kaya, da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Kada a goge shi a bushe. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in an murza ta da busasshen tsumma sai ta kankare fuskar fitila. Motocin yanzu kuwa ba gilashin gaske ne da su ba, roba ce mai ƙarfi, rana ta kan ci ta har ta yi rawaya kamar idon mai shawara. Wadda ta yi haka a kan goge ta da takarda mai yashi mafi laushi, ana yi ana zuba ruwa, sa'an nan a bi da man gogewa, a fesa mata farin fenti mai hana rana ci. In ba a fesa ba, wata shida ba za su cika ba ta komo yadda ta ke. Man goge baki da waɗansu ke shafawa yana ɗan taimako, amma na kwana kaɗan ne. Fetur da tina kuwa kada su kusance ta, tsattsaga robar su ke yi.

Kwanon ciki ba a taɓa shi. Walƙiyar nan tasa ba ta kai kaurin fatar albasa ba, tsumma ɗaya ya isa ya share ta. In ya yi baƙi ko ya yi tsatsa, ba ƙwan da zai gyara shi, sai a nemi wata fitila. Abin da ke ɓata shi ruwa ne. Wanda ya ga gumi a cikin gilashi da safe, ya duba murfin roba na baya, wataƙila an canja ƙwai an manta ba a mayar da shi ba. Ɗan gumi da ke bushewa in an kunna fitila ba kome. Ruwan da ya kwanta a ƙasa yana kaɗawa shi ne ciwo, akwai tsaga ke nan, a nemo ta a toshe.

Sai canja ƙwai. Wannan ba aikin da za a tafi birni dominsa ba ne, duk direban kirki ya kamata ya iya shi a gindin bishiya. Da farko a kashe inji, a kashe fitila, a zare makulli, a bar ƙwan ya huce, gama halojin ya kan yi zafin da zai ɗaye fatar yatsa. A buɗe murfin inji, a laluba bayan fitilar, a zare soket ɗin da wayoyi su ke ciki. A kama soket ɗin kansa, kada a ja waya. A cire murfin roba. Za a ga wata 'yar waya mai tauri ta danne ƙwan, a matsa ta a kawar gefe, ƙwan ya fito. A waɗansu motoci, musamman waɗanda suka zo daga Amurka, babu wannan 'yar waya, murɗa ƙwan a ke yi hagu kaɗan ya fito.

Kafin a yar da tsohon, a karanta abin da aka rubuta a gindinsa, ko a ba mai karatu ya karanta. Akwai sunansa, kamar H4, mai ƙafa uku da zare biyu, ko H7, mai ƙafa biyu da zare ɗaya, ko H1, ko H11, ko 9006. Akwai ƙarfin wutar da ya ke ɗauka. Ƙaramar mota da a-kori-kura 12V ne, manyan motoci masu batir biyu 24V. In an sa na 12 a babbar mota, nan take zai yi walƙiya ya ƙone. In an sa na 24 a ƙarama, sai ya yi ja kamar garwashi. Sa'an nan akwai wat. H4 na ƙaramar mota 60/55 ne, na babba 75/70, babur kuwa yawanci 35/35. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa tsohon a aljihu a tafi da shi Ƙofar Ruwa, a ce irin wannan a ke so.

Sabon ƙwai ba a kama shi ta gilashi. Maiƙon hannu ya kan zauna a kai, wurin ya fi sauran zafi, gilashin ya kumbura, ƙwan da zai yi shekara ya mutu cikin wata guda. A kama ta gindin ƙarfe, ko da takardar da ya zo a ciki. In hannu ya riga ya taɓa, a goge da auduga da sifirit, a bari ya bushe. Ƙwan yana da kunnuwa a gefe, hanya ɗaya kaɗai su ke zama. In ya ƙi shiga, ba a danna shi da ƙarfi, juya shi a ke yi har ya faɗa wurinsa. Wanda ya zauna a karkace zai kama, amma haskensa sama zai tafi yana neman tsuntsaye a kan ɗorawa. A mayar da 'yar wayar, a mayar da murfin roba ya zauna daram, a sa soket, a gwada dim a gwada ful. In ƙwai ɗaya ya mutu don tsufa, ɗan'uwansa ma yana hanya, tun da tare suka fara aiki. Mai hali ya canja biyun, ya ajiye tsohon mai rai a akwati don ranar tsautsayi.

Fitilar zenon ita kam a bar wa masu wayarin. Wutar da ke ta da ita ta kan wuce bolt dubu ashirin.

Wani lokaci a kan sa sabon ƙwai, fitila ta ƙi kamawa, ko ta kama ja-ja. Ba laifin ƙwan ba ne. A duba fis tukuna. In ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. Akwai mummunar al'ada ta ɗaura waya ko takardar kwalin sigari a madadin fis. Fis an yi shi ne don ya mutu a madadin mota. Wanda ya hana shi mutuwa, wayoyi ne za su yi zafi su kama wuta, motar da ta ɗauko harawa ko kara ko auduga kuwa ba ta jiran a kawo ruwa. In fis lafiya, a duba wayar da ke fita daga fitila ta ɗaure a jikin ƙarfen mota. Nan tsatsa ke ɓuya. A kwance notin, a kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Sau da yawa wannan kaɗai ya kan mayar da tsohuwar fitila kamar sabuwa, domin in wutar da ke isa ƙwai ta ragu da kashi goma cikin ɗari, haskensa ya kan ragu da kusan kashi talatin. In kuwa ƙwai yana yawan ƙonewa, kowane mako sai an saya, a sa mai wayarin ya auna caji. Inji na tafiya, ya kamata ya nuna wajen 14. In ya haura 15, caji ya yi yawa, shi ke cinye ƙwai, gobe kuma batir zai ci.

Akwai masu sayen ƙwai mai wat 100 ko fiye, wai don su ƙara gani. Mai wat 55 yana jan abin da bai kai amfiya 5 ba, mai 100 kuwa ya wuce 8, wayoyin da makunnin ba a yi su don wannan kaya ba. Soket ya narke, kwano ya ƙone, a koma baya. Haka kuma ƙwan LED mai araha da a ke cusawa cikin fitilar da aka yi don halojin. Kwano an ƙera shi ne don ya tattara haske daga ɗan zare guda a wuri guda. In wutar ta fito daga wani wuri dabam, sai ta watsu ko'ina. Direba ya ga gabansa fari fat ya yi murna, amma nesa ba ya gani, mai zuwa daga gaba kuwa an kashe masa ido. Wanda aka kashe wa ido na daƙiƙa uku yana gudun 80, ya yi mita sittin da shida a makance, kuma wajen mai fitilar ya nufo. Araha ba ta ado. Dogon sandan fitila da a ke ɗaurawa a kan rufi ko bamba, wurinsa cikin gona, ba kan titi ba.

Babban aikin da aka fi sakaci da shi shi ne saiti. Ba ya bukatar kome sai bango da gawayi da sukurudireba. Bayan magariba a sami fili mai daidai a gaban katanga, kamar ta makaranta ko ta sito. A tabbata iskar tayoyi daidai ta ke. A matso da mota dab da bangon, a yi alama da gawayi daidai tsakiyar kowace fitila. A ja da baya a miƙe, mita goma, watau yadi goma sha ɗaya. A kunna dim. Za a ga haske ya yanke a bango, ƙasa fari, sama duhu. Wannan layi ya kamata ya sauka ƙasa da alamar gawayi da santimita goma, watau inci huɗu, kusan faɗin tafin hannu. A bayan kowace fitila akwai sukurori biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Yaron mota ya tsaya gaban fitila ɗaya ya tare ta, a saita ɗayar, sa'an nan a juya. Kada a rufe ta da buhu a daɗe, roba ce, zafi zai narka ta.

A nan ne masu ɗaukar amfanin gona ke faɗawa rami ba su sani ba. An saita fitila mota ba kaya, an ɗora buhuna, baya ya zauna, gaba ya ɗaga. A-kori-kurar da ke da mita uku tsakanin tayar gaba da ta baya, in bayanta ya sauka da santimita uku kacal, faɗin yatsa biyu, saukar nan da aka yi wa haske ta tafi duka, dim ya koma miƙe. To, wace a-kori-kura ce ke barin Ungogo da kaka bayanta ya sauka yatsa biyu kaɗai? Shi ya sa direba ya kan rantse yana dim, masu zuwa kuwa suna ta watsa masa ful suna zagi. Motar da kullum da kaya ta ke tafiyar dare, da kayan a kanta za a saita ta. Waɗansu motocin Turai suna da ɗan abin murzawa kusa da sitiyari mai lamba 0, 1, 2, 3. Mutane da yawa ba su san amfaninsa ba. Na sauke fitila ne. Ba kaya a bar shi a 0, kaya ya yi nauyi a kai shi 2 ko 3.

A bangon nan kuma za a ga wani abu. Layin hasken a miƙe ya ke ta hagu, amma ta dama ya kan ɗan hau sama. Da gangan aka yi haka, don a haska gefen hanya inda mai tafiya a ƙasa da jaki su ke, a kuma rage wa mai zuwa daga gaba. Tsofaffin direbobi sun tuna lokacin da a ke tuƙi a hannun hagu irin na Ingila, kafin Nijeriya ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Har yanzu Ingila da Japan a hagu su ke tuƙi, fitilunsu ta hagu su ke hawa. Motar da aka sayo daga can aka juya mata sitiyari, in ba a canja fitilunta ba, haskenta cikin idon mai zuwa ya ke faɗawa, ba sukurun da zai gyara shi. Haka fitilar gwanjo da aka ciro daga irin waɗannan motoci. Mai saye ya duba rubutun da ke jikin gilashi. A fitilun da aka yi bisa ƙa'idar Turai, kibiya mai kai ɗaya kusa da haruffan HC ko HCR alama ce ta ƙasashen hannun hagu. Mai kai biyu tana yi ko'ina, marar kibiya ita ce ta hanyoyin Nijeriya. Wanda bai gane rubutun ba, bango zai faɗa masa.

Mota mai ido ɗaya ta fi duka haɗari. In fitilar hagu ce ta mutu, mai zuwa daga gaba zai ga haske guda can gefen hanya, ya ɗauka babur ne, ya ba shi hanyar babur. Sai sun haɗu ya tarar rabin mota na tsakiyar titi. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, da 'yan KAROTA a Kano suna kama irin wannan mota, kuma da gaskiyarsu. Ko ba a yi haɗari ba, kwandunan tumatir da suka wuni a rana ana cikon takarda, asararsu ta sayi ƙwai ɗari. Ɗan kasuwar da zai ba da kaya, ko magatakardan da ke rubuta lodi a tasha, ba abin kunya ba ne ya ce wa direba ya kunna fitila a gani kafin a ɗora buhun farko. A zagaya baya kuma a duba danja, a sa yaro ya taka birki.

In hazo ya sauko, daga Disamba zuwa Fabrairu, ful ba ya taimako. Hasken ya kan bugi ƙura ya komo cikin idon direba kamar farin bango. Dim a ke sawa, a rage gudu, a bar ta kunne ko gari ya waye, don masu zuwa su ga motar. Ba hazo kuwa, da zarar an hangi hasken wata mota, ko an biyo bayan wata, ko an shigo cikin gari, a sauke zuwa dim. Wanda aka watsa wa ful kada ya rama, makafi biyu ke nan a hanya ɗaya. Ya kawar da ido zuwa gefen dama na titi, ya ɗaga ƙafa daga totur.

Masu amalanke da masu tarakta su ma da nasu. Akwai takarda ja mai manne da ke walƙiya in haske ya same ta, ana sayar da ita wurin masu kayan mota. A yanka biyu a liƙa a kusurwoyin baya na amalanke, a wurin da kara ko harawa ba za su rufe ba, a riƙa share su in sun yi ƙura. Wanda ya ɗauko kara ya zarce bayan amalanke, ya ɗaura farin tsumma a ƙarshensa.

A cikin akwatin kowace motar da ke tafiyar dare kuwa a ajiye ƙwai ɗaya a kwalinsa, nannaɗe da tsumma don kada girgizar hanya ta tsinke zarensa, da fis uku ko huɗu masu lambar na motar, da sukurudireba, da tocila mai batir.